Mayafin Hajiya a Kan Bango

Wata Asabar cikin azumin 2014, ina 'yar shekara goma, na fara ganin gawa. Ina zaune a kicin ɗinmu na Landover, a Amurka, ina tsinke alayyahun miyar buɗa-baki, Yaya Ramlatu ta bar kwamfutarta a buɗe kan tebur ta tafi alwala. Na leƙa. Wani gida ne a Gaza bom ya rushe, maza suna tonon ɓaraguzai da yatsu, ana kabbara ana ihu. Sai wani mutum ya zaro 'yarsa daga ƙarƙashin siminti. Ba za ta girme ni ba. Kanta ya fashe ta gefe ɗaya, jini da ƙura sun cakuɗe da gashinta, rigarta ta tattare har ƙirji. Ya rungume ta yana gudu, ƙafafunta suna reto, ban ga inda zai kai ta ba. Ranar ko farar shinkafa ban iya haɗiyewa ba.

Kafin wannan, duniyata ba ta wuce benenmu ba. Aikina kai shara, da tsaron kayanmu a ɗakin injin wanki kada wani ya kwashe ya jibge mana a ƙasa. In na gama, mu zana 'yar gala-gala da alli a wurin ajiye motoci, ko mu yi carafke a matakala da duwatsun da muke sata daga gindin furanni. Amma shekarar nan yaƙi ya shigo mana ta waya. Baba direban tasi ne, abokan aikinsa suna turo masa bidiyo, shi ma ya tura gaba. Ana shan kunu ana miƙa waya hannu zuwa hannu, a ga hannun da ya rabu da mai shi, a ja salati, a ƙara ƙosai. Har yaran benenmu suka ƙirƙiro wasan bom: ɗaya ya jefa kwalbar ruwa, sauran mu zube.

Yaya Ramlatu zane da haɗa bidiyo take karanta a jami'ar College Park, karatun da Baba ke kira wasan yara, don shi aikin jinya ya so ta yi. Abin da ya hana shi cire ta mutum ɗaya ce, mahaifiyarsa Hajiya, wadda ta zo daga Funtuwa a yi mata aikin ido ta zauna da mu. Ita ta ce a ƙyale yarinya, "kowa da kiwon da ya karɓe shi." Duk gidan mun san ranar da Hajiya ta janye bakinta, karatun ya ƙare. Shi ya sa da lokacin kaka ya kama, aka ce ɗalibai za su nuna ayyukansu, Yaya ta nace sai Hajiya ta je ta ga abin da ta tsaya wa. Ba ta gaya mata me ta haɗa ba. Ni na sani, na kuma ja bakina na yi shiru, don Yaya ba ta da wuyar rankwashi.

Ɗaki ne mai duhu, da na'ura a rataye tana haska hoto a farin bango. Yaya ta tsinto guntayen bidiyon da mutanen Gaza suka ɗauka da wayoyinsu, ta jera su, ta cire sauti, ta rage gudunsu. Ga uban nan, ga yarinyar. Turawa na tsaye riƙe da kofuna, ba mai motsi. Hajiya ta yi salati, ta jira. Hoton ya ƙare, ya koma farko, aka sake zaro yarinyar daga siminti. Hajiya ta tambaye ni yaushe za a kai yarinyar makwancinta. Na ba ta amsa rabi Hausa rabi Turanci, cewa ba a kai ta, haka zai yi ta juyawa har a tashi.

A wurin su Hajiya, ko a bakin titi aka tsinci gawa, abin farko shi ne a rufe ta, ko da ɗankwali ne. Ta zare farin mayafinta, ta ratsa mutane, ta ɗaga hannu biyu ta shimfiɗa shi a bango daidai jikin yarinyar. Hoton bai ɓace ba. Ya sauka a kan mayafin, ya ma fi fitowa, jinin ya kwanta a kan hannayenta da bayan rigarta. Ta matsa dama, uban ya biyo ta da 'yarsa. Wani ya ɗauka cikin shirin ne, ya ɗaga waya zai ɗauka. Wallahi da ina da ƙarfi da na fasa wayar nan.

Yaya ta je ta riƙo ta tana cewa Hajiya don Allah. Hajiya ba ta sauke hannu ba.

"Sau nawa za ku kashe ta, Ramlatu? 'Yar mutane ce, ga cikinta a waje."

"Hajiya, in na rufe ta, wa zai san an kashe ta? Ubanta da kansa ya ɗaga ta a gani."

Haka suka tsaya cikin hasken, hoton yana bi ta kansu, har hannayen tsohuwar suka gaji. Ni na je na karɓi mayafin na yafa wa Hajiya.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Baba ya dubi madubi, ya ce to Hajiya ta gani da idonta, me ta ce. Yaya ta sunkuyar da kai. Hajiya ta ce yarinya ta ci gaba da karatunta, ba ƙarya ta nuna ba. Sai dai tunda ta ari gawar mutane, ta nemo sunanta, ita tana so ta san wadda take yi wa addu'a.

Yaya ta nema. Ta bi wanda ya ɗora bidiyon, ashe shi ma wani ya turo masa, wancan kuma shafinsa ya daina motsi. Bayan Hajiya ta koma Funtuwa, duk wayar da muka yi, an gama gaisuwa sai ta ce, "An samo?" Haka ta yi ta tambaya har Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu a cikin jirgin ƙasa, kan hanyar aiki, nakan wuce irin yarinyar nan a waya da babban yatsa, tsakanin tallar takalmi da bikin wata. Nakan ci abincina lafiya lau, kuma wannan ne yake ba ni tsoro. Ina kewar tsohuwar da ta ɗauka kowace gawa tana da dangin da za a je wa gaisuwa. Har yau ba mu san sunan yarinyar ba.