Dosiyen da Ka Raɗa wa Suna "Sai Na Zo"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Yuli na 2010, wadda ta yi daidai da biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Cha'ibu Na Allah a garinsu Attantane, bayan zazzaɓin kwana biyu. Ya cika bayan la'asar, aka binne shi kafin magariba. Ni kuwa, da na yi shekara shida teburina na kallon nasa a biro ɗaya, wato ofis, a nan Tasawa, ban sani ba sai ranar Litinin, kwana biyar da kai shi makwanci.

Cha'ibu, da kai nake, don ban saba faɗa wa kowa abin da ke raina ba sai kai. Jinkirin nan yana cina, kuma aikin hannunka ne. Ba zarginka nake yi ba. Alherin da ka yi mini ne ya ɓullo ta inda ni da kai ba mu zata ba, kuma dole in ba da labarinsa, ko mutanen Attantane sa gane abin da ya hana ni zuwa sadakar uku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haladu, tsohon malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, shi ya sa har yau ake ce mini Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Shekara goma sha ɗaya ke nan da sanƙarau ya tafi da kunnuwana. Na bar aji, haɗakar rumbunan tsimi ta yankinmu ta ɗauke ni ina rubuta mata rahoto da Faransanci. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'yana ɗaya yana Agadas, ɗaya tana Yamai. Waya ba ta da amfani a wurina, rediyo ma haka. Duk mai son magana da ni daga nesa sai ya turo imel, don haka akwatin saƙon nan ya zama kunnena. Na kusa kuwa sukan ɗaga murya sau ɗaya, sau biyu, su gaji, su yi murmushi su wuce. Ni ma ba mai daɗin sha'ani ba ne, na san halina.

Kai ne ba ka gaji ba. Ka sayi ɗan littafi ka sa a aljihun gaba, duk abin da ake yi wa dariya sai ka rubuta ka turo mini. Ni kuma in gyara maka Faransancin da jan alƙalami kafin in yi dariyar, don rubutunka ba ya ganuwa. Ranar da sojoji suka karɓi mulki a watan Fabrairu, na ɗaga kai na ga duk biro an taru a kan rediyo, ba wanda ya tuna da ni. Ka baro su ka zo ka rubuta: "Mushe, an yi juyin mulki. Kai kaɗai ne duk ƙasar nan ba ka ji ba, ci gaba da raporka." Na harare ka, ka zauna kusa da ni kana rubuto mini duk abin da rediyon ya faɗa har magariba.

Daminar bara ba ta yi ba, kowa ya sani. Tun kafin bazara mata a Kona da Maijirgi suka koma jiƙa anza da tsinkar jiga a daji don abinci, makiyaya suna sayar da saniya a kuɗin tunkiya. Da sabbin mahukunta suka yarda a fili cewa akwai yunwa, sai ƙungiyoyin agaji suka yo caa, akwatina ya cika. Saƙo sittin, saba'in a yini: na masu ba da hatsi, na wakilanmu na ƙauyuka da ke shiga gari su rubuto, na taro, na masu talla, da na 'yan damfara masu cewa na ci gado a Abijan. A cikin wannan tarkace saƙon wakilinmu na Kona ya ɓace mini. Ya rubuto cewa rumbunsu ya ƙare ƙaf, ban gani ba sai bayan kwana uku. Kwana uku mutane suna zuwa da ƙwarya suna komawa da ita wayam saboda tsoho ɗaya bai ga saƙo ba. Ranar na ce zan ajiye aikin.

Ba ka lallashe ni ba. Ka jawo kujera ka rubuta: "Matsa. Ba kai ne ka tsufa ba, akwatinka ne ba shi da rariya." Ka buɗe wurin da ake saita akwatin, ka fara yin dosiye, wato jakar tara saƙo, ɗaya bayan ɗaya: Kona, Maijirgi, Mayahi, Masu Agaji, Taro, Iyali, da wani da ka kira Shara. Sannan ka yi wa kowane dosiye abin da kake kira filtir, wato doka. In saƙo ya fito daga adireshin wakilin Kona, ya wuce dosiyen Kona kai tsaye. In kan saƙon yana ɗauke da kalmar réunion, ya tafi dosiyen Taro. In na ɗiyata ne, Iyali. Ka sa ni na yi biyu da hannuna, na ɓata ɗaya, duk saƙonnin shugaban haɗakarmu suka riƙa faɗawa Shara har kwana biyu. Ka rubuta mini: "Wannan ba kuskure ba ne, Mushe, ra'ayinka ne ya hito."

Ka kuma nuna mini wani abu da na ɗauka ƙarami ne a lokacin. Dokokin a jere suke, daga sama zuwa ƙasa, kuma wadda ta fara kama saƙo ita ce mai shi, na ƙasanta ba su da ta cewa. Daga ranar na daina tsoron safiya. In na buɗe sai in ga lamba a gaban kowane gari, in san inda zan fara.

A watan Afrilu yayata A'i ta rasu a Damagaram. Ɗanta ya rubuto, saƙon ya faɗa dosiyen Iyali, na buɗe shi da fara'a ina zaton hoton jikoki ne. Kana can wurin rabon hatsi a Maijirgi. Na zauna ni kaɗai gaban na'ura tun hantsi har ka dawo da yamma ka tarar da ni ban motsa ba. Ka karanta, ka riƙe hannuna, ka daɗe. Da ka ɗauki littafin sai na ga ranka a ɓace yake, alƙalamin har yana huda takarda: "Ba haka ake hwaɗin mutuwa ba. A wurinmu mutum shina tasowa, ya zamna, ya gaishe ka, sannan ya hwaɗa. Na'ura ba ta da kunya."

Washegari ka yi sabon dosiye, ka raɗa masa suna Sai Na Zo. Dokarsa ita ce duk saƙon da ke da kalmar rasuwa, ko décès, ko Inna lillahi, can zai tafi. Ka ɗora ta a saman duk sauran dokokin, don kada Iyali ko Mayahi su riga ta. Ka sa na yi maka alkawari ba zan buɗe shi ba, kai za ka riƙa buɗewa. Na yi musu, na ce ni ba yaro ba ne. Ka ce ai shi ya sa.

Sau bakwai ka yi mini wannan hidima tsakanin Afrilu da Yuni, don shekarar ba ta bar tsoho ko jariri ba. Na haddace yadda kake yi. Za ka kawo shayi, ka ajiye kujerarka a gefena, ka rubuta "Ina gajiya?" Ni da kai mun san abin da ke tafe, amma sai in amsa, ka tambayi gida, in amsa, sannan ka rubuta sunan. Mu ɗaga hannu mu yi addu'a tare. In wurin da za a iya zuwa ne, ka ɗauke ni a babur. Ban taɓa yi maka godiya da baki ba, kuma ina jin kunyar wannan yau.

Farkon Yuli aka tura ka Attantane rabon iri da hatsi, sauran ma'aikata suka watsu ƙauyuka, biro ya rage ni da maigadi. Ka ce za ka dawo ranar Asabar, sha bakwai ga wata. Ranar Alhamis da safe na ga lamba ɗaya a gaban Sai Na Zo. Na lissafa tsofaffin da na sani, na ce ko wane ne, Cha'ibu zai faɗa mini jibi. Na ci gaba da aiki. Ranar Juma'a a masallaci wasu suka riƙe hannuna fiye da yadda aka saba, na karanta "Allah Ya ji ƙan rai" a leɓunansu, na ce amin. A bana kullum abin da leɓuna ke faɗa ke nan. Su kuma sun ɗauka ai Mushe mai imel ya riga kowa sani.

Asabar ta wuce ba ka zo ba. Lahadi na rubuta maka saƙo mai zafi, na ce mutumin da ya kulle ɗaki ba ya tafiya da makulli ya manta. Ranar Litinin haƙurina ya ƙare. Na ce zan karya alkawari sau ɗaya, in ka dawo in ba ka haƙuri.

Daga Rakiya ne, ɗiyarka da ke aiki a Mayahi. Ta rubuta: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Mushe, babana ya rasu jiya. Inna ta ce kai za a fara gaya wa. Muna jiranka." Da a ce ta fara da wata kalma, da saƙon ya faɗa Mayahi na gan shi a take. Amma da me ɗiyar Musulmi za ta fara? Na karanta ni kaɗai, a kujerar nan, ba shayi, ba gaisuwa, daidai abin da ka yi wata uku kana kare ni daga gare shi.

Na isa Attantane ana sadakar bakwai, rabin hanya a mota, rabi a amalanke. Zara'u matarka ba ta ɗaga kai ba da na gaishe ta daga bakin ƙofa. Ta yi magana, Rakiya ta rubuta mini: "Inna ta ce kwana uku anka shimfiɗa maka tabarma kusa da ta liman. Ta ce mi ya yi maka?" Na rasa ta inda zan fara yi wa matar da ba ta taɓa ganin akwatin imel ba bayanin dosiye da doka. Na faɗa mata dai yadda zan iya, ban san ko muryata ta yi ƙarfi ko ta yi ƙasa ba. Da na gama ta rufe fuska da mayafi ta yi magana. Rakiya ta rubuta: "Ta ce halinshi ne. Ta ce ta yahe, ka shigo ka sha ruwa."

Kafin in taso Rakiya ta ce in na so za ta zo Tasawa ta goge dokar, aikin minti ɗaya ne. Na ce ta bari. Ni ma na iya gogewa, ka koya mini. Sau biyu ina kai hannu wurin ina fasawa, don duk biron nan ita kaɗai ta rage tana aiki yadda ka bar ta. Kujerarka an ba wani, yaron kirki ne, yana gaishe ni da hannu daga nesa.

Ya Allah, Ka ji ƙan Cha'ibu Na Allah. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya ciyar da mayunwata a shekarar da hatsi ya yi wuya, ya zauna da kurma a lokacin da kowa ke sauri, Ka sa waɗannan a mizaninsa. Yadda bai bar ni na ji mummunan labari ni kaɗai ba, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabari. Ina yi wa Zara'u ta'aziyya, da Rakiya da ƙannenta, da mahaifiyarsa Gambo, da dukan mutanen Attantane. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan haƙurin, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Akwai wata ta'aziyya ɗaya da ta rage. Jiya da safe lamba ɗaya ta sake fitowa a gaban Sai Na Zo. Ban buɗe ba tukuna, amma ba zan bari ta kwana biyar ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan yi alwala, in dafa shayi da kaina, in buɗe. Ko wane ne ke ciki, Allah Ya ji ƙansa, kuma ina yi wa iyalinsa gaisuwa tun kafin in san sunansa.