Ranar da Odell Ya Ɗora Tukunya

A unguwar Orange Mound ta Memphis, in ka ambaci Odell Merriweather sai a ce maka, "Mai haƙarƙari?" Alhali direban bas ne har ya yi ritaya, bai taɓa sayar da ko tsoka ɗaya ba. A bayan gidansa yake gashi, cikin tsohuwar gangar da ya tsaga biyu da hannunsa, kuma duk wanda hayaƙi ya jawo sai ya ci.

Yana da doka, ba ya kuma gajiya da faɗinta. Haƙarƙarin alade a ɗaye masa tantanin baya, a murje shi da busasshen yaji, a ajiye shi nesa da garwashi ya yi ta shan hayaƙin icen hikori tun hantsi har rana ta yi sanyi. In ka gatsa, sai ka ɗan ja kafin ya rabu da ƙashi. Wanda ke zamewa da kansa dafaffe ne, kuma a wurin Odell, ɓarawo ya fi mai dafa haƙarƙari a ruwa mutunci. Ya taɓa korar surukinsa daga bakin ganga a kan haka, a gaban fasto. Maƙwabcinsa Cleophus Tate kuwa, sau ɗaya tak aka kama shi da tukunya tun suna samari, amma har suka yi furfura "Mai Romo" Odell ke kiransa.

To, a farkon bazara ɓarin jikin matarsa Vernice ya shanye. Magana ta koma mata da ƙyar, tauna kuma ta gagara. Markaɗaɗɗen abincin da asibiti suka ce a ba ta, ko kallonsa ba ta yi, sai ta datse baki ta juya wa bango fuska. Mace mai jiki ta koma kamar sanda. Likita ya faɗa musu gaskiya: in ba ta fara ci ba, robar ba da abinci za a sa mata a ciki, kuma sai dai gidan kula da tsofaffi, don Odell ba zai iya da ita shi kaɗai ba.

Ranar hutun 'yancin kan Amurka, 'yarsu Charmaine ta yi sammako don ta taya shi shirin taron dangi. Tun daga ƙofa ta ji wani ƙamshi da ba ta san gidan da shi ba. Ta leƙa kicin, sai ga ubanta tsaye kan babbar tukunya, ya sassake labule, ƙasusuwa na ta juyi cikin tafasasshen ruwa. Ai sai ta yi mutuwar tsaye.

"Baba! Me zan gani haka?"

"Rufe ƙofar."

"Baba, dafawa kake yi? Kai? Ya Ubangiji, ko dai kai ma mu kai ka asibitin ne?"

"Na ce rufe ƙofar, kin tsaya kina mini ihu kamar an yi gobara."

Bai dube ta ba, ya ci gaba da juya ludayi. Can ya ce, "Daga ɗakinta nake jin cikinta na kuka, Charmaine. Na gasa mata na gaske, ta sa a baki, ya ƙi taunuwa, ta yi ta hawaye." Tausayinsa ya kama ta. Lallai abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Da la'asar bayan gida ya cika. Odell ya ɗan kyafa dafaffen a ganga don ya ɗauki hayaƙi, ya ware shi a faranti guda. Kamar da gayya, Cleophus ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya daga nan. Ƙashin ne kawai ya biyo hannunsa, fari sol, naman ya tsaya a faranti.

Wata gwaggo ta dafe ƙirji. Surukin nan da aka taɓa kora ya saki baki, cokali a hannu.

"Kai, kai, kai!" in ji Cleophus, yana ɗaga ƙashin sama kowa ya gani. "Jama'a, ku zo ku shaida! Mutumina, ina romon? A zubo mini a kofi, ashe sana'armu ɗaya!"

Babu wanda ya yi dariya, mamaki ya hana. Charmaine ta ga kunnuwan ubanta suna motsi, ta tabbata yau sai an raba su. Amma Odell sai ya miƙa hannu. Ya ɗauki farantin ya ratsa mutane, ya je ya durƙusa gaban keken guragun da Vernice ke zaune a kai a ƙarƙashin rumfa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ɗan tsinko naman da yatsa ya kai bakinta.

Ta datse baki yadda ta saba. Ya yi ta riƙe da shi a nan, bai janye ba, har ƙamshin ya shige ta. Sannan ta buɗe kaɗan. Ta juya naman a baki, ta juya, Charmaine na kallon maƙogwaronta. Ta haɗiye.

Vernice ta ƙura wa mijinta ido. Maganar ta fito a karkace, amma har na bakin katanga sun ji.

"Odell. Dafawa ka yi."

"Na dafa."

"A gaban Mai Romo?"

"A gabansa."

"Kunya ba ta kashe ka ba?"

"Saura ƙiris," in ji shi, hawaye na bin gemunsa.

Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta jawo farantin kan cinyarta.

"To ƙaro mini, kafin ta ƙarasa ka."