Jatau Maƙeri Ya Kwance wa Mota Dabaibayi

Jatau maƙeri bai taɓa tuƙa mota ba har ya bar duniya, ko keke bai iya ba. Amma kusan shekara ashirin, da wuya ka ga motar kat-kat mai bin yashi tsakanin Tasawa da Mayahi wadda bai kwanta ƙarƙashinta ba. Aikinsa guda ne. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke ɗaure ƙafafun gaba biyu na mota, masu garaji suna ce masa bar. Jatau kan cire bulo, wato ƙusa mai noti da ke riƙe gefe ɗaya, ya ƙera ƙusa mai kunne ya sa a madadinsa, yadda shofer zai zare ta in ya shiga daji, ya mayar in ya hau burji. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa birki. In ka tambaye shi, sai ya ce bai san su ba, su ma ba su san shi ba.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne da ake ce wa Tudun Gamji, arewa da Urafane. A kasuwar Urafane ya kafa maƙerarsa, yana ƙera hauya da sungumi da lauje kamar ubansa. Mutum ne marar gaggawa. In ka kawo masa gatari, sai ya jujjuya shi har ka fara tunanin ko ya manta kana tsaye.

Shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ƙi. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka cinye iri, wasu suka sayar da hauyar ma. Jatau ya yi wata takwas bai hura wuta ba. Da damina ta zagayo, ruwan farko ya sauka daren Talata, mai yawa, amma a Tudun Gamji babu ko tiya ɗaya ta gero da za a shuka. Uwa, mahaifiyar Jatau, tana can da sauran tsofaffi. Kowa ya san ƙasar tudun nan: jigawa ce, in ta sha ruwa kwana biyu take riƙe laima, na uku sai ka jira wani ruwan, in zai zo.

Laraba da hantsi motar gwamnati ta tsaya a Urafane da buhu goma sha biyu na iri, wasu a ciki wasu a kan rufi, za a kai Tudun Gamji. Shofer ɗin, Abdurrahamane, saurayi ne ɗan Maradi mai gilashi. Ya nemi wanda ya san hanya. Jatau ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga. Namadi, wani Bafillace da fari ya ƙarar wa shanu, shi ma ya hau baya da igiyarsa a kafaɗa.

Namadi ya ce, "Maƙeri a gaba, ni a baya? Lalle duniya ta lalace."

Jatau ya ce, "Zauna nan, Fillo. In buhu ya faɗo ka kama, ka samu abin kiwo."

Sun yi tafiyar sa'a guda sai suka tarar ruwan jiya ya yanke hanya, ya haƙa kwari mai zurfin ƙugun mutum. Wuri ɗaya kawai ake iya sauka, shi ma a karkace. Abdurrahamane ya sa mota, ta sauka lafiya. Wajen fita sai ƙafar gaba ta dama ta ɗaga sama tana juyawa a iska, ta baya ta hagu tana ta watsa yashi. Ya koma baya ya sake, ya kuma sakewa. Suka sauke buhunan, suka haƙa, suka jera itace. Ƙafar nan dai ta ƙi taɓa ƙasa. Haka rana ta faɗi, suka kwana bakin kwari.

Da safe Abdurrahamane ya ce zai koma Tasawa ya nemo babbar mota. Zuwa da dawowa kwana biyu ke nan. Jatau ya durƙusa. Ya sa hannu ya tona ƙasar gefen hanya, ya ga saman ya riga ya yi fari kamar kaurin yatsa.

Ya ce, "Yaro, ƙara sa ta sau ɗaya, ka tsaya in ta ɗaga ƙafa."

Da ta ɗaga, Jatau ya kwanta a yashi ya shige ƙarƙashi. Ya daɗe har Namadi ya leƙa ya tambaye shi ko barci ya koma.

Jatau ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Fillo, wagga mota dabaibayi gare ta. Ƙafar na son sauka, wancan ƙarfe ya riƙe ta da 'yar uwarta. Ka taɓa ganin jaki mai dabaibayi ya haura kwari?"

Abdurrahamane ya cire gilashi. "Baba, wannan bar ce. Injiniyoyi suka sa ta don kar mota ta kife. Kuma kayan gwamnati ne. Lokacin soja muke, fa. In kumanda ya ji an kwance wani abu, sabotaj zai ce, zagon ƙasa, ni za a rufe."

"Kumanda shina shiga ƙarƙashin mota?"

"A'a."

"To ni ma ba ni zuwa ofishi nai. Bulo ɗaya za ni cirewa, in mun dawo in mayar."

Abdurrahamane ya kalli buhunan, ya kalli rana, ya ce shi zai je bayan waccan geza ya kama ruwa, kuma yakan daɗe.

Kafin ya tafi Jatau ya sa ya mayar da motar wuri mai daidai, don ƙarfen ya saki jiki. Bulon ya yi tsatsa, kile, wato sifana, ta ƙi juya shi. Jatau ya ɗauko guduma da kurfi ya sare kan bulon da bugu biyar. Bakin ƙarfen ya rage yana lilo, Jatau na neman abin da zai ɗaure shi sama. Namadi ya sauke igiyar kafaɗarsa, wadda yake ɗaure maruƙa da ita, ya miƙa.

Ya ce, "Riƙe. Ba ta da aiki bana."

Da shofer ya dawo bai tambayi komai ba. Ya tada mota. Ƙafar dama ta miƙe ƙasa a hankali kamar raƙumi na neman wurin taki, ta kama yashi, motar ta haura. Suka ɗauko buhunan a ka ɗaya ɗaya, suka sake lodi.

Nan fa maganar injiniyoyi ta fito. Da kaya a kan rufi, duk inda hanya ta karkata sai motar ta kwanta gefe kamar za ta yi sujada. Abdurrahamane ya fara salati da ƙarfi. Jatau ya sauka, ya sa Namadi ya maƙale a gefen da ke sama, shi ma ya maƙale kusa da shi. In hanya ta juya sai mota ta tsaya, su zagaya ɗaya gefen. Sau goma sha ɗaya suka zagaya. Namadi ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zama awon sikeli ba sai yau, kuma a hannun maƙeri.

Sun isa Tudun Gamji rana tsaka, ranar Alhamis. Ba wanda ya yi guɗa. Mutane suka tsaya suna kallon Uwa, don ita ce ta fi kowa sanin ƙasar tudun. Ta taka zuwa bakin gonarta da sanda, ta durƙusa, ta tona da hannu. Yatsa ɗaya, fari. Yatsa biyu, fari. Ta ƙara nutsa hannu, ta damƙo ƙasa ta matse, ta buɗe tafin. Ƙasar ta tsaya dunƙule, ba ta watse ba.

Ta ce, "Ku zurfafa rami. Kar wanda ya tsaya cin abinci."

Aka farke bakin buhu. Maza suka yi gaba da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Abdurrahamane ya tuɓe takalmi ya shiga layi, yana zuba iri fiye da kima, wata tsohuwa na bin sa tana tsincewa.

Uwa ta ɗago ta dubi ɗanta, rigarsa duk baƙin mai.

"Jatau, mi ya tsaishe ku tun jiya?"

Ya ce, "Hanya, Inna."

Ta miƙa masa ƙwaryar iri, ta nuna masa layin da ba kowa.