Ƙanƙara a kan tebur, ranar rabon gidan Jugu

Ni mai walda ne a Banikanni, cikin Paraku. Aji biyar na yi a lakkol aka cire ni. Abin da ke ciyar da ni yanzu ƙananan tebura ne masu naɗewa, waɗanda ɗalibai ke ɗora wa kwamfuta a gado ko a tabarma. Samansu yana karkata, da ɗan ƙarfe a baki mai tare kaya.

Bara yayanmu ya tara mu a Jugu. Mahauci ne, kuma tun rasuwar babanmu ba mai musa masa. Ya ce a sayar da gidan gado, a sayi fili a bakin teku a Kwatano, a gina ɗakunan haya. Ƙannena duk sun sa hannu, saura ni.

Na je da 'yata mai karatu a jami'a, da tebur ɗaya. Ta kafa shi tsakiyar tabarma, ta ɗora kwamfutarta, ta nuna musu bidiyon tsaunukan ƙanƙara na can ƙarshen duniya suna zaftarewa. Ta ce narkewarsu ke ƙara teku, filayen bakin ruwa ne za su fara tafiya.

Yaya bai dube ta ba, ni ya duba.

"Kai ka koya mata tsoma baki cikin manya? Ni za a gaya wa ƙanƙara? Jefa ta a kofi, cika shi da ruwa, ta narke. Ko ɗigo ba ya zuba."

"Haka ne, Baffa," in ji ta. "Wannan a ruwa take. Akwai wadda ke kan tudu."

Na san in na ƙyale, magana ta mutu. Na tashi na ɗauko ƙanƙara a firjinsa ba tare da na tambaya ba. Na sauke kwamfutar, na karkata teburin, na ɗora ƙanƙarar a kai, na ajiye kofi cike fal a ƙarƙashi.

Muka zauna. Ɗis. Ɗis. Can ruwa ya tumbatsa, ya bi tabarma har ya taɓa rigar Yaya. Bai janye ba. Biro ya miƙo mini.

"Mun ga wasan yara. Za ka sa hannu ko kuwa?"

"Ba na sawa, Yaya."

Gidan yana nan, ba a sayar ba. Ƙannena sun ce na toshe musu arziki. In na buga wa Yaya waya, matarsa ke ɗauka, ta ce ya fita.