Senami Mai Bidiyo da Ciwon Wuyanta

Shagon Senami manne yake da shagon ɗinkina a unguwar Tokpota, cikin Porto-Novo. Idan aka yi rasuwa, ni ke ɗinka wa dangi anko, ita kuma ta ɗauki bidiyonsu suna rawa a cikinsa.

Da can soyayyiyar ayaba take sayarwa a bakin titi. Da ƙaninta zai tafi Gabon neman aiki, sai ya bar mata kyamara da tsohuwar laftof, ya nuna mata abin da ya sawwaƙa. Sauran da kanta ta koya, ta ɓata ta gyara, mutane na dariya wai mai suya ta zama baturiya. Kafin a ankara, babu bikin binnewa ko na aure da za a yi a unguwarmu ba a kira ta ba.

Ɗaukar hoton ba shi ne wahalar ba, haɗawar ce. Sai ta zauna kan 'yar kujerar tsugune, ta ɗora laftof a cinya, ta sunkuyar da kai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, tun safe har rana ta yi sanyi. Ciwon ya fara ne daga ƙeya. Daga nan ya riƙa hawowa tsakiyar kai, ya sauko bayan ido ya zauna. Ta dinga shan maganin ciwon kai kamar gyaɗa.

Uwar mijinta, Tanti Ayaba, ta ce ita ta san dalili.

"'Yata, kullum idonki na kan gawa da akwatin gawa. Kina zaton suna son a yi ta mayar da su baya ana sake kallonsu?"

"Mama, ai ba sa biyan kuɗin kallo, me zai sa su yi fushi?" in ji Senami.

"Yi ta wasa! Ni dai na faɗa."

Wata Asabar za ta tsallaka titi da kyamara a hannu, wuyan ya ƙi juyawa. Sai da ta juya jikinta gaba ɗaya, kafin nan wani ɗan acaba ya goge ta, ta faɗi zaune a gefen kwata. Na ruga na ɗago ta, ba ta ji rauni ba. Ranar Litinin ni na raka ta asibiti.

Aka duba jini, babu zazzaɓin cizon sauro. Aka auna hawan jini, lafiya lau. Daga ƙarshe aka tura mu wurin wata likita mai gashin ƙashi. Matar ta taɓa wuyan, Senami ta yi ƙara. Sai ta miƙa mata wani littafi ta ce, "Ki ɗauka cewa wannan laftof ɗinki ce. Zauna yadda kike zama."

Senami ta duƙunƙune a kansa. Likita ta girgiza kai.

"Kanki nauyi gare shi, Madam. Yini guda kike rataye shi a gaba, jijiyoyin wuya na riƙe da shi. Ko ki sauya zama, ko ki bar aikin."

Mijinta Mahunyo ya zaɓar mata na biyun. Ya zo har shago yana cewa, "Senami, lokacin da kike suya, kin taɓa kwana da ciwon kai? Kaskon yana nan a ɗaki."

"Ya ci gaba da zama a ɗakin," ta ce. "Na sha hayaƙin da zan sha. Wannan aikin da kaina na koye shi, ba wuya ne zai ƙwace mini ba."

Washegari ta tafi wurin Kosi kafinta, ta ce ya yi mata tebur mai 'yar kanta a sama, yadda fuskar laftof za ta zo daidai idonta. Na farko ya yi tsawo, ta mayar. Na biyu yana rawa, ta mayar.

Kosi ya ce, "Dada 'yar'uwa, tebur kike so ko gadon sarauta?"

"Fofo ɗan'uwa, in gadon sarauta na ce, da ka ce katako ya ƙare. Rage masa ƙafa."

Ta sayi kibod daban, ta samo kujera mai jingina. Ta ce mini duk sa'ad da na gama ɗinka hannun riga, in buga mata bango. Ina bugawa sai ta fito baranda, ta ja haɓa baya, ta juya kafaɗu, ta kalli nesa, kamar yadda likita ta nuna mata. Masu wucewa suka ce ta shiga sabon coci. Ba ta kula su ba.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Har aikin wasu manyan mutane ta rasa, don sun ce gobe-gobe suke son bidiyon ubansu, ita kuma ta ce sai mako. Suka kwashe aikin suka kai Kwatano. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Da watan Disamba ya zo, aiki ya yi mata yawa, ta koma ɗaukar laftof gida tana yi a kan gado. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har da amai. Na je duba ta na tarar an rufe tagogi, ta ɗaure kai da ɗankwali.

"Kada ki ce komai, Afiyavi," ta ce da ni. "Na sani."

Da ta tashi, ta sa doka: laftof ba ta ƙara kwana a gida. In ta rufe shago, a shagon take barinta. Ta kuma rage aikin da take karɓa, wanda ba zai jira ba ta tura shi gaba.

Yanzu ciwon kan sai jefi-jefi, in ta yi ganganci. Makon jiya ta hau mota zuwa Kwatano neman babbar fuskar kwamfuta. Ta dawo hannu wofi, wai duk waɗanda ta gani sun sha jiki. Ta ce Laraba za ta sake komawa, kuma wannan karon sai na raka ta.