Ranar da Na Ja Kaka Zuwa Zaɓen Iri

Shekarar da na shiga aji shida ce ciwon yanar ido ya gama rufe wa kakana ido, kuma ni aka danƙa wa sandarsa. Ba don na fi kowa hankali ba. Yayyena mata an kai su ɗakunansu, ƙannena maza kuwa ba a ganinsu sai cikinsu ya yi ƙara. Ni ke riƙe kan sandar, shi yana riƙe da gindinta, in kai shi ƙofar masallacin unguwarmu a Funtua, in kai shi wurin wanzami, in zaunar da shi a dakali ya sha hantsi. In na cika sauri sai ya ja sandar baya ya ce, “Amarya, a hankali mana, kada ki kashe angon tun ba a kai lefe ba.” Ni kuma in ce Allah ya tsare ni da auren tsoho mai haƙori uku. Haka muke yini.

Kaka yana da wani gero da ya gada daga ubansa, gajeren kai, baƙi-baƙi, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Amma ya ce a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri gonakin mutane suka ƙone, wannan geron ne ya riƙe gidanmu, don yana nuna kafin na kowa. Duk ƙarshen damina, in ƙwaya ta yi ƙarfi, da kansa yake shiga gona ya zaɓi kawunan da za a ajiye don shukar baɗi. Wanda ya yi masa, sai ya ƙulla ganyen da ke ƙarƙashinsa. Ranar girbi duk wanda ya ga ƙulli ya san ba na ci ba ne. A yanke shi daban, a rataye a madafa hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari. Da ya bar wa Babana gonar, abu ɗaya ya roƙa: “Shuka abin da ka ga dama, amma ka bar wa geron nan rabin gona.” Baba ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

To, a shekarun nan ne malaman gona suka cika ƙauyukanmu a kan babura, da takin zamani da sabon irin masara. Wanda ya gwada sai ya cika rumbu har ya nemi aro. Baba yana da bakuna da yawa a gida, ga ƙanwarsa da mijinta ya rasu ta dawo da ’ya’ya huɗu. Rabin nan ya koma kashi ɗaya cikin uku. Da Kaka ya yi shekara biyu bai taka gona ba saboda ido da ƙafa, sai geron ya koma kunya shida kacal a gefen gabas, sauran duk masara. Kowa a gidan ya sani, har kaji, in da suna magana. Kaka ne kaɗai bai sani ba.

Ana cikin marka, ruwa kullum ba ƙaƙƙautawa, bango duk ya yi kore, sai Kaka ya tashi da magana ɗaya: bana da hannunsa zai zaɓi iri. Aka ce hanya ta lalace, ya ce a goya shi. Aka ce Baba zai zaɓa masa, ya ce wanda Baba ya zaɓa bara ya taɓa ya ji, rabi ƙaiƙayi ne. Ranar da Inna ta kai masa kunu ya ture kwanon ya ce ba zai sha ba sai an sa masa rana, Baba ya san magana ta ƙare.

Bayan la’asar ya kira ni zaure. Bai dube ni ba, yana ta murza hularsa a gwiwa. Ya ce, “Ke za ki riƙe shi. Ta gonar maƙwabta za ku shiga, wajen dawar nan, kada ku bi ta cikin masara. Ki hau da shi kunya ta farko, ki sauko ta biyu, har shida. In kun gama ki zaga da shi bayan suri, ki sake shigar da shi kamar wani sabon wuri ne. Inda ya riga ya ƙulla, ki janye shi.” Na ce, “Baba, ƙarya ke nan fa.” Ya ɗago ya dube ni, na zaci mari zan sha. Sai kawai ya ce, “In ya ji, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kina so ki kashe shi?” Wallahi har yau ina jin haushin tambayar nan. Yarinya ’yar shekara goma sha uku, me zan ce?

Asabar aka sa, saboda maƙwabcinmu da zai kai mu a motarsa ranar Lahadi coci yake zuwa. Bayarabe ne mai shagon kayan keke a bakin kasuwa, ya fi shekara ashirin a garin, yana da tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi. Duk shekara shi ke kwasarmu zuwa gona cin tumu, wato sabon gero da ake gasawa a wuta a murje a ci, shi da ’ya’yansa. Babbar ’yarsa ƙawata ce, a Funtua aka haife ta, in tana zagi da Hausa sai ka toshe kunne. Baba ya ja uban gefe ya yi masa bayani. Mutumin ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya tara ’ya’yansa ya ce duk wanda ya ambaci masara yau, ko ya ce a gasa masa, a ƙasa zai dawo gida.

Aka sa Kaka a gaba kusa da direba, mu muka cika baya da tabarmi da tulun ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli. Muka tsallake layin dogo, muka wuce gidan gurzar auduga da ke rufe shiru sai lokacinsa, muka kama hanyar Dandume. Sau biyu motar ta kafe a taɓo, maza suka sauka suka tura, yara na ihu suna murna. Ni ko dariya ban yi ba. Ƙawata ta zungure ni ta ce, “Ke, wa ya mutu?” Na ce ta rabu da ni.

A ƙarƙashin tsamiyar bakin gona aka shimfiɗa tabarmi, Inna ta hura wuta. Ni na ja Kaka muka bi ta cikin dawar maƙwabta kamar yadda aka tsara. Ƙasa ta jiƙe, takalminsa na roba yana ta maƙalewa, har ya cire ya ba ni na riƙe. Da tafin ƙafarsa ya taɓa kunyar farko sai ya tsaya, ya yi bisimilla, ya yi wa ubansa addu’a a hankali. Daga nan ya saki sandar ya dafa kafaɗata.

Ban taɓa ganin yadda yake aikin nan kusa da kusa ba sai ran nan. Ya lalubi kara, ya tanƙwaro shi a hankali, ya shafa kan tun daga gindi har tsini. Ya danna ƙwaya da farce, wani lokaci ya ciro ɗaya ya ciza. Mafi yawa ya sake su su koma sama. Can sai ya yi wani ɗan gunaguni na jin daɗi, ya kama ganyen ya ƙulla. Yana yi yana yi mini hira: wannan ya cika tsawo, iska za ta kayar da ’ya’yansa, wannan tsutsa ta riga mu, wannan kuwa ko Sarkin Noma ya gani sai ya yi sata. Fuskarsa ta sake, har ƙafar da yake kuka da ita ta daina ciwo. Ni kuwa ina ƙirga kunyoyi a zuci. Daga hannun hagunmu, taku goma bai cika ba, masara ce tsaye har iyakar ganina.

Muka gama ta shida. Na zaga da shi bayan suri, na ƙara da wani zagayen don tafiyar ta yi tsawo, na sake shigar da shi ta farko. Da farko abin ya tafi daidai. In na hango ƙulli sai in ce, “Kaka, nan akwai ruwa kwance,” in janye shi gaba. Sau uku ina yin haka. Ana nan yayyafi ya fara, ƙawata ta ƙwala mini kira daga tsamiya wai tumu ya gasu. Juyawar da zan yi in amsa mata, ai kuwa hannun Kaka ya riga ya kai kan wani kara.

Ya shafa kan, ya gangaro, yatsunsa suka tsaya a kan ƙullin. Ya daɗe yana juya shi. Ni dai na ƙame, ina jin ruwa yana sauka a wuyana.

“Amarya, wa ya ƙulla wannan?”

Na ce, “Wataƙila Baba ne, da ya zo jiya.”

Ya ce, “Ubanki da dama yake ƙulli. Ni bahago ne.” Ya miƙa hannu ya lalubi na gaba, da na gaba da shi, har ya sake cin karo da wani. Sai ya saki karan. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. “Kunya nawa ya bar mini?”

Na ce shida. Kuka ya ƙwace mini.

“Sauran fa?”

“Masara ce, Kaka.”

Na zaci abin da Baba ya faɗa ne zai faru, zai faɗi a nan ya mutu a hannuna. Na riƙe rigarsa gam. Can ya ce in kai shi ya taɓa. Na ja shi taku goman nan. Ya lalubi goyon masara ɗaya, ya ɓare bawon kaɗan, ya bi layin ƙwayar da babban yatsa, ya auna kaurinta a tafin hannu. Ya taɓa ta biyu, ya taɓa ta uku. Ya mayar da bawon ya rufe kamar mai rufa wa jariri zane.

“Ta yi kyau,” ya ce. “Yaron ya iya noma.” Ya goge fuskarsa da hannun riga, ban sani ba ko ruwan sama ne. “Shi ya ce ki zaga da ni?” Na ce e. Ya ce, “To kin yi masa biyayya, saura ni. Ban taɓa ƙulli ba, ban taɓa masara ba. Kin ji ko? Mutum ya tara iyali haka, ga alkawarin tsoho a wuyansa, kullum yana kwana da shi. In ya san na sani, ba zai ƙara iya zama kusa da ni ba, ni kuma kwanakin da suka rage mini ba su da yawan da zan yi su ba ɗana.” Na ce ni na gaji, kowa sai ya ɗora mini ƙaryarsa. Ya ce, “Haka ne. Yi haƙuri. Share hancinki mu tafi.”

Da muka iso tsamiya Baba ya miƙe tsaye, idonsa a kaina. Na sunkuyar da kai. A gidanmu ba mai sa sabon gero a baki sai babba ya fara, don haka yara duk sun zuba wa Kaka ido, tumu yana hucewa a faifai. Inna ta murje masa a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin. Ya tauna da haƙoransa uku, ya yi hamdala, ya juya wajen da yake jin numfashin Baba ya ce, “Gero ya yi kyau bana, tun daga gabas har yamma. Allah ya yi maka albarka.” Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Maƙwabcinmu ya juya baya yana gyaran abin da bai lalace ba a motarsa. Yara suka rufar wa faifai, ƙawata ta cika mini hannu, na riƙe har ya huce ban ci ba.

Kaka ya ga girbin shekarar, ya sa aka kawo masa kawunan da ya ƙulla ya shafa su ɗaya bayan ɗaya kafin a rataye. Bai kai wata daminar ba. A watannin nan kullum da yamma Baba yana zaune kusa da shi a dakali, yana yanke masa farce, suna hirar mutanen da. Baba ya ƙara shuka kunya shidan sau biyu, daga nan ya bari. Ni kuma aka yi mini aure aka kai ni Malumfashi.

Bayan shekaru masu yawa, a ciwon da Baba bai tashi ba, na zo jinyarsa. Wata safiya ina ba shi kunu a cokali sai ya riƙe hannuna. Ya ce ya yi kurakurai a duniya, yana roƙon Allah gafara, amma akwai abu ɗaya da in ya tuna yake samun sanyi a ransa. “Tsohon nan ya tafi bai san abin da na yi wa gonarsa ba. Ke kika taimake ni ran nan. Ko ya taɓa yi miki wata magana?”

Na dubi cokalin, na dube shi yana jiran amsa.

Na ce, “Ko sau ɗaya, Baba. Sha kununka.”