Sandar Yaya da Gonar Gwaggo

Shekarar da yayana ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya bugo mini waya daga Kaduna ya ce zai zo gida Hunkuyi ya yi ƴan makonni, kuma da direbansa zai zo. Ina koyarwa a Makarfi a lokacin. Na hau babur na zo na sa aka share ɗakin zaure saboda baƙo. Da motar ta tsaya, Yaya ne da kansa a kan sitiyari. Na leƙa ban ga kowa ba. Sai ya buɗe but ɗin motar ya zaro wata doguwar sanda mai ƙaton kai, an sa wa kan nata hular ulu, ya ce ga direban. Wai haka ake kiran babbar sandar wasan golf, wadda ake bugun farko da ita.

Mutum ne da bai taɓa yin gudu ba tun da na san shi. Ko ƙwallon tsumma bai buga da mu ba muna yara. Amma a shekarunsa na ƙarshe a ofis ya lura cewa manyan da yake sha'awar zama kusa da su duk a filin golf suke haɗuwa, shi ne ya sayi jaka da sanduna da farar safar hannu guda ɗaya. Damuwarsa, kamar yadda ya zaunar da ni ya bayyana mini tun kafin ya je gaida dangi, ita ce ƙwallonsa tana tashi sama da yawa. In ya buga sai ta miƙe tana wulwulawa, iska ta riƙe ta, ta faɗo kusa, ba ta ko gangarawa. Wani tsohon babban sakatare ya taɓa tambayarsa a gaban mutane ko tsuntsaye yake harbi. Aka yi dariya. Wannan dariyar ce ta koro shi gida, don ya gyara bugunsa inda babu wanda zai gani. Mu ba ya lissafa mu cikin masu gani.

Fili yake buƙata, sai idonsa ya faɗa kan gonar gado da ke bayan gari. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ke noma ta tun rasuwar mijinta: dankali, kuɓewa, ɗan barkono a gefe. Damina ta kama, an riga an yi mata huɗa. Yaya ya je ya durƙusa ya gaishe ta doguwar gaisuwa, ya ajiye mata atamfa, sannan ya ce yana son aron gonar na bana. Ta tambaye shi me zai shuka. Ya ce ba shuka zai yi ba, motsa jiki ne likita ya ce ya riƙa yi. Ta dube shi ta dubi atamfar, ta ce ai gonar ubansa ce. Ya sa tarakta ta baje kunyoyin ta bi ta kansu har ƙasa ta daddale.

Duk ranar da ba ni da aji sai ya kira ni in riƙe masa wayarsa in ɗauki bidiyo. A haka na koyi abin da ban roƙa ba. Akwai ɗan tsinke da ake kafawa a ƙasa a ɗora ƙwallo a kai. Ya ce nasa ya yi tsawo, ya riƙa danna shi ƙasa. Ya matsar da ƙwallon baya kaɗan daga ƙafarsa ta hagu. Yana da ɗan makulli da yake kwance kan sandar ya juya shi, don fuskarta ta rage kallon sama. Ya ce dole ya daina saran ƙwallon daga sama kamar mai faskare, domin saran ne ke sa ta juyi. Yana faɗin waɗannan abubuwa da irin muryar da yake karanta jawabi a taro, ga tumbi a gaba, ga gajeren wando, mutumin da ya aurar da ƴaƴa. Manoman da ke wucewa da garma a kafaɗa sukan yi sallama su sunkuyar da kai su ƙara sauri, su ne ke jin kunyar da ya kamata ya ji.

In ya buga ta tashi sama, laifin iska ne, ko na ƙasa, ko nawa da na motsa. Har Zariya ya tafi ya karɓo wata sandar da aka aiko masa, wai ta fi tauri, ba ta lanƙwasa. Gwaggo kuwa ta koma sayen kuɓewa a kasuwa. Na gaya masa haka wata rana, ya ce in tuna masa ya aika mata da wani abu. Na tuna masa, ya ce to.

A ƙarshen gonar akwai layin itatuwan dalbejiya, bayansu kuma ƴar hanya ce da matan rugage ke bi zuwa kasuwa. Na yi masa maganar hanyar. Ya ce ƙwallonsa ba ta taɓa kaiwa rabin gonar ba, wanda gaskiya ne, kuma ita ce kaɗai gaskiyar da na ji ya faɗa a kan wasansa.

Wata safiya ranar kasuwa abin ya yi masa daidai. Ƙarar ma dabam take. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa, a miƙe, ba wulwulawa, ta ratsa tsakanin itatuwan. Sai muka ji ƙarar faɗuwar ƙwarya da kukan mace.

Na sauke wayar zan ruga, ya riƙo hannuna.

"Ka ɗauka?"

"Yaya, mutum ka buga."

"Na ji. Ina tambayarka, ka ɗauka?"

Na fizge na tafi. Wata dattijuwar Bafulatana ce zaune a ƙasa, ta dafe kafaɗa, nono ya malale a kan hanya. Ƙashin wuyanta ya tsage. Ni da wani mai babur muka kai ta asibiti. Yaya ya iso daga baya a mota, bayan ya tsaya ya goge sandarsa ya mayar mata da hularta.

Da yamma Arɗon rugarsu ya zo da ƴaƴan matar, aka zauna a ƙofar mai unguwa. Yaya ya ɗauki nauyin magani, ya ba da haƙuri da baki, sannan ya shiga yi musu bayanin cewa a ƙasashen da aka ci gaba ba a barin hanya kusa da filin wasa. Mai unguwa ya katse shi ya ce nan gona ce. Babban ɗan matar kallonsa kawai yake yi, har Yaya ya rasa inda zai sa idonsa. Washegari ya haɗa jakarsa ya koma Kaduna. Gonar ta kwana a haka har kaka, ciyawa ce kawai ta fito, sai da aka sake yin kaftu kafin ta karɓi iri a shekara ta gaba. Matar ta warke, amma an ce ta daina ɗaukar kaya a ka, jikarta ke kai mata nono kasuwa.

Bayan wasu watanni muka haɗu da shi a wani ɗaurin aure a Ikara. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, ya tara mutane yana nuna musu bidiyon a waya. Ya yanke shi daidai inda ƙwallon ta shiga tsakanin itatuwa. Yana maimaita musu, yana nuna yadda ta tafi ƙasa-ƙasa. Wani daga cikinsu ya tambaye shi me ke bayan itatuwan.

"Daji ne," in ji Yaya.

Ina tsaye a bayansa. Ya juyo ya gan ni, ya ce in zo in gaida abokansa.